Daga Gafaka Zuwa Zango: Yadda Babbar Taskar Littattafan Malaman Ƙasar Hausa Ta Gudana

Gabatarwa

Duk lokacin da marubucin ƙagaggen labari ya so ya nuna cewa wata daula ta ƙasaita a fagen ilmi, abin da yakan fara yi shi ne ya gina mata katafaren ɗakin karatu. Zai kafa masa ginshiƙai, ya jera littattafai har rufi, ya tsayar da dogarai a bakin ƙofa, sa'an nan ya zaunar da wani dattijo wanda shi kaɗai ya san mazaunin kowane littafi. Wannan siffa tana da tushe a tarihi. An ɗauko ta ne daga labarin Baitul Hikma na Bagadaza a zamanin Abbasiyawa, da taskar Halifa Hakam na Biyu a Ƙurɗuba ta Andalus a ƙarni na 10, da kuma Darul Ilmi da Faɗimiyawa suka buɗe a Alƙahira a shekarar 1005. Ɗalibanmu masu gwada alƙalaminsu a fagen ƙirƙira su ma irin wannan gini sukan aro, domin shi suka saba gani a littattafai da finafinan waje.

Abin da yakan biyo baya shi ne, idan ɗalibi ya waiwayo gida ya nemi irin wannan gini a Kano ko Katsina ko Sakkwato ta dā bai same shi ba, sai ya ɗauka kakanninsa ba su mallaki wata taskar ilmi ta a zo a gani ba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa ƙasar Hausa ta mallaki babbar taska, sai dai a rarrabe take a cikin ɗaruruwan gidajen malamai, kuma abin da ya ɗinke ta ya mai da ita abu guda shi ne kwafa da aro da karatu a gaban malami da kuma tafiya. Za mu bi sawunta tun daga shigowar littattafai, mu ratsa ta Sakkwato, mu dire a zangunan Hausawa na kudu.

Yadda Littattafai Suka Shigo

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya adana mana labarin shigowar littattafai daki-daki. Ya ce a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci. A zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463) kuma Fulani suka iso da littattafan tauhidi da na lugga, alhali kafin nan abin da ke hannun malamai bai wuce Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi ba. Daga baya, a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), Shehu Magili ya sauka Kano, har ya rubuta wa sarkin littafi a kan wajiban masu mulki. Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan labarai littafi tare da mutum yake zuwa. Marubucin tarihin bai ce wani sarki ya aika an sayo masa littattafai ya tara a fada ba. Malami ne yake zuwa da kayansa a kan jaki ko raƙumi, ya sami masauki, ya buɗe zaure, ɗalibai su kewaye shi.

Haka abin yake a Tumbuktu, wadda ita ce babbar 'yar'uwar biranen Hausa a harkar ilmi. Shehu Ahmad Baba (1556 zuwa 1627), wanda sojojin Maroko suka kama suka kai Marakish a shekarar 1594, ya koka cewa an wawashe masa littattafai 1,600, kuma ya ce a cikin danginsa shi ne mafi ƙarancin littattafai. Wannan magana ta nuna cewa dukiyar littattafan Tumbuktu a hannun zuriyoyin malamai take. A Katsina ma, inda Ɗan Marina da Ɗan Masani suka yi fice a ƙarni na 17, tsarin ke nan. Wani ɗan ƙasar, Muhammadu Alkatsinawi, masanin hisabi da taurari, ya tafi hajji ya zauna a Masar, kuma da ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741 sai ya bar littattafansa a hannun mai masaukinsa, Hasan Aljabarti. Ke nan hanyar da littattafai suke bi su shigo, ta nan ma suke bi su fita.

Takarda da Tawada da Masu Kwafa

Tun da babu injin ɗab'i, kowane littafi da ke cikin wannan taska hannu ne ya rubuta shi. Takarda kuwa ba a yin ta a ƙasar Hausa. Daga Turai ake kawo ta, musamman daga masana'antun arewacin Italiya, ta biyo ta Tarabulus ko Masar, ta ratso Sahara a ayarin raƙuma. Wadda ta fi yawa a rubuce-rubucen ƙarni na 19 ita ce mai tambarin jinjirin wata uku, wanda sai an ɗaga takardar ga haske ake ganinsa. Masu binciken zamani da irin waɗannan tambura suke kintatar shekarun littafin da ba a rubuta masa kwanan wata ba. Abin da ya yi wannan doguwar tafiya dole ya yi tsada, saboda haka ba a wasa da takarda, kuma karatun yara a kan allo ake yin sa, a wanke a sake.

Sauran kayan aikin duk na gida ne. Alƙalami daga kara ko gamba ake feƙe shi. Tawadar allo da gawayi da ƙaro ake haɗa ta don ta wanku, amma ta takarda akan dafa ta da 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera don ta kama ta daɗe. Akan yi amfani da jar tawada wajen wasula da kanun babi. Idan an gama rubutu ba a ɗinke littafin. Warƙoƙin a sake ake barin su, a sa su tsakanin tadarishi, a ɗaure da tsirkiyar fata, sa'an nan a zura cikin gafaka a rataye a bango ko a ajiye a adaka. Don kada warƙoƙi su rikice, mai kwafa yakan rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gama.

Mai kallon wannan tsari da idon yau zai iya ɗaukarsa gazawa, amma akwai dabara a cikinsa. Littafin da ba a ɗinke ba ana iya raba shi ga ɗalibai biyar ko goma a lokaci guda, wannan ya tafi da babin tsarki, wancan ya tafi da na ciniki, kowa ya kwafa ya dawo da shi. Ta haka littafi guda yake haihuwar 'ya'ya cikin ɗan lokaci. A ƙarshen kwafi kuma marubuci yakan sa sunansa da na wanda aka rubuta dominsa, ya roƙi mai karatu addu'a. Gefen shafi da tsakanin layuka su ma ba a barin su fayau, domin nan ɗalibi yake rubuta bayanin malaminsa, wani lokaci da Larabci, wani lokaci da ajamin Hausa ko Fulatanci. A Barno an sami kwafin Alƙur'ani mai sharhin da aka kammala a shekarar 1669, kuma irin waɗannan kwafe-kwafe na Barno suna ɗauke da bayanai da tsohon harshen Kanembu. Saboda haka kowane tsohon kwafi yana ɗauke da matanin mawallafi da kuma sawun waɗanda suka karanta shi.

Aro da Izinin Malami

Kowace taska tana da ƙa'idar shiga da ta fita. A wannan taska tamu ƙa'idar fita ita ce aro, kuma amana ce take tsaron ƙofa. Ahmad Baba, a littafinsa na tarihin malaman mazhabar Malikiyya, ya yabi malaminsa Muhammadu Bagayogo da cewa yakan ba da aron littattafansa mafiya daraja ga duk ɗalibin da ya zo nema, ko da bai san daga inda ya fito ba, kuma ba ya bin sawu, har ya yi asarar da dama ta wannan hanya. Yadda aka ware wannan hali aka yaba shi ya nuna cewa akwai masu ƙyashi su ma, waɗanda Bahaushe zai ce rijiya ta bayar guga ya hana. Amma galibi malami ya san cewa littafin da ya hana a kwafa, ranar da gara ta ci shi ya tafi ke nan.

Akwai misali mai kyau daga ƙasar Gwandu. A shekarar 1853 Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da suna Abdulkarimu, ya sami aron kwafin Tarihus Sudan a hannun wani malami a birnin Gwandu. Kwanaki kaɗan ya yi da shi yana tsakurar abin da ya iya, kuma ta wannan aro ne Turai ta fara sanin tarihin daular Songhai filla-filla. Littafin a yankin Tumbuktu Abdurrahman Assa'adi ya rubuta shi wajen tsakiyar ƙarni na 17, amma ga shi bayan shekara 200 yana zaune a gafakar wani malami a Gwandu.

Ƙa'idar shiga kuwa ita ce karatu a gaban malami. Mallakar littafi ba ta mai da mutum masaninsa. Sai ya durƙusa a zaure ya karanto matani, malam ya fassara masa jimla bayan jimla, har su kai ƙarshe, kafin a ba shi izinin karantar da shi. Akan rubuta wannan izini, watau ijaza, da jerin sunayen malaman da aka karɓo littafin daga gare su har zuwa ga mawallafi. Littattafan ma suna da matakala. A fiƙihu ɗalibi yakan fara da Ahalari da Ishmawi, ya hau Iziyya da Risala, ya wuce Askari, kafin ya tunkari Muhtasar. A nahawu daga Ajurumiyya ake somawa a nufi Alfiyya. Haka nan akwai Muƙamatu a lugga, da Ishiriniya a madahu, da Ashafa, da Jalalaini a tafsiri.

To ina fihirisin wannan taska, watau abin da zai nuna wa mai nema inda littafi yake? A kan mutane yake. Almajirin ilmi ya san cewa Barno ce gidan haddar Alƙur'ani da kyan rubutu, Zariya ta yi suna a nahawu da lugga, unguwar Madabo a Kano kuma ita ce cibiyar fiƙihu. Ya san wane malami ne gwanin wane littafi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar mana hoton wannan tsari a littafinsa Ida'un Nusuhi, inda ya lissafa malamansa ɗaya bayan ɗaya da abin da ya karanta a wurin kowanne, tun daga wansa Shehu Usmanu har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi zai ga taswirar taskar baki ɗaya kamar yadda take a ƙarshen ƙarni na 18.

Taska a Cikin Yaƙi

Jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754 zuwa 1817) ya jagoranta ya jarraba wannan tsari matuƙa. Lokacin hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na shekarar 1804, an ruwaito cewa littattafan Shehu a kan raƙuma aka ɗauke su. Shekarun da suka biyo baya na yunwa ne da ƙaura daga sansani zuwa sansani, amma rubutu bai tsaya ba. A shekarar 1806 Shehu ya kammala Bayanu Wujubil Hijra. Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano a wannan tsakani bisa roƙon jama'arta. Muhammadu Bello ya gama Infaƙul Maisuri a shekarar 1812. Duk wanda ya duba waɗannan littattafai zai ga yadda suke cike da nassoshin malaman Masar da Magrib da Andalus, abin da ke nuna cewa ko dai littattafan suna kusa da hannu, ko kuwa suna cikin ƙirji. Shehu yana da marubuta na musamman, babbansu shi ne Malam Musɗafa, wanda ya auri 'yarsa Hadiza, suka haifi masani Abdulƙadir ɗan Tafa.

Sai dai yaƙi ba ya barin littafi lafiya, kuma ba ɓangare ɗaya kaɗai ke da malamai ba. Garuruwa irin su 'Yandoto, wadda ta daɗe tana cibiyar ilmi, sun faɗa cikin rikicin. A cikin wasiƙun da suka gudana tsakanin Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi na Barno da shugabannin Sakkwato, ɗaya daga cikin zarge-zargen Elkanemi shi ne cewa mayaƙan jama'a suna wulaƙanta littattafai, suna watsar da su a kan hanya. Bello bai share maganar ba. Ya amsa cewa a wani gari da suka ci ya ga iska tana ɗibar takardu, ya yi ta tsinta da hannunsa har ya gaji, ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma ya ɗora laifin a kan jahilan cikin runduna. Abin sha'awa shi ne, Bello da kansa ya shigar da wasiƙar abokin jayayyarsa cikin Infaƙul Maisuri, ya sa aka ci gaba da kwafarta har ta iso gare mu. Shugabanni biyu suna cikin yaƙi, amma sun haɗu a kan cewa tozarta takarda abin kunya ne da ake kare kai daga gare shi.

Zaman lafiya ma yana da nasa haɗari. Baturen Ingila Hugh Clapperton, wanda ya ziyarci Sakkwato a 1824 ya kuma dawo a 1826, ya kawo wa Sarkin Musulmi Bello kyautar littattafan Larabci, ciki har da littafin lissafi na Uƙlidisu Bayunane. Ya ba da labarin cewa ya tarar da Bello zaune da littafin a gabansa, kuma Bello ya gaya masa cewa gidansu yana da kwafi wanda wani ɗan'uwa ya kawo daga Makka, amma gobara ta cinye shi. Littafin da aka ɗauko tun daga Hijaz, dare ɗaya ya ishi wuta ta gama da shi.

Gidan Waziri

Idan akwai wurin da ya yi kusa da siffar babban ɗakin karatu na daula, to gidan Wazirin Sakkwato ne. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello kuma mijin Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), shi ya kafa wannan gida. Bayan rasuwar Bello a shekarar 1837, Giɗaɗo ya duƙufa ga rubuta tarihin Shehu da na Bello da mutanensu, kamar yadda ake gani a Raulul Jinani, Asma'u kuma ta riƙa mayar da ilmin da ke cikin littattafan Larabci zuwa waƙoƙin Fulatanci da Hausa. Waɗannan waƙoƙi jajis, watau shugabannin 'yan taru, suke haddacewa su kai wa matan ƙauyuka. Ta wannan hanya taskar ta isa ga waɗanda ba su taɓa riƙe gafaka ba.

Da yake ta hannun Waziri wasiƙun sarakunan gabas suke bi, gidan ya zama ma'ajiyar takardun mulki kuma. Lokacin da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun sami tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara aka buga a shekarar 1927. Sarauta da taska suka ci gaba da tafiya tare a zuriyar har zuwa kan Waziri Junaidu (1906 zuwa 1997), wanda aka naɗa a 1948. Shi ya haɗa gadon littattafai da gadon karatunsu, domin ya san abin da ke cikin kowace gafaka, ya kuma buɗe ƙofarsa ga masu bincike. Murray Last da takardun wannan gida ya gina littafinsa na tarihin daular Sakkwato da ya fito a 1967. Jean Boyd kuma a nan ta sami rubuce-rubucen Nana Asma'u, waɗanda ita da Beverly Mack suka tattara aka buga a 1997. Dattijon nan masanin mazaunin kowane littafi da marubutan ƙirƙira suke ƙagowa, Sakkwato ta yi shi da ransa, sai dai ba dogari a ƙofarsa.

Taskar Fatake da ta Zango

Ba gidajen sarauta kaɗai ke riƙe da taskar ba. Fatake sun ɗauki kaso mai yawa, domin ayari ba ya tashi ba tare da malami ba, kuma duk inda aka yada zango aka daɗe sai masallaci da makaranta su tsiro. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya bi hanyar fataucin goro ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete Karachi a ƙasar Gana ta yau, inda ya zama limami har rasuwarsa a 1934. A can ya rubuta waƙoƙi da tarihi da Larabci da Hausa, kuma ɗalibansa suka bazu a zangunan ƙasar da kwafe-kwafen da suka yi a gabansa. A Kano kuma an yi Malam Umaru Falke, malamin Tijjaniyya kuma ɗan kasuwa, wanda ya rasu a 1962 ya bar takardu da littattafai fiye da 3,000. Wannan taska a yanzu tana jami'ar Northwestern a Amurka, kuma ta nuna irin faɗin karatun mutumin da rabin rayuwarsa a kan hanya ya yi ta: fiƙihu da tasawwufi da madahu da magunguna da wasiƙu.

Zangunan kudu maso gabashin Nijeriya reshe ne na wannan bishiya. Hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa Fatakwal da Inugu a 1916 saboda kwal, ta kuma haɗu da ta arewa a shekarun 1920, ta ƙara buɗe ƙofa ga masu fataucin shanu da sauran kayan arewa, kamar yadda kogin Kwara ya daɗe yana kai su Anacha. Zaman ya yi ƙarfi har wani mutumin ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. A kowane ɗaya daga waɗannan zanguna akan sami Sarkin Hausawa da liman da malamin allo, kuma inda duk aka sami liman to akwai adakar littattafai. A ƙarni na 20 ɗab'i ya sauƙaƙa lamarin. Littattafan da aka buga a Alƙahira da Bairut, da waɗanda madaba'un Kano suka ɗauki hoton rubutun hannun gwanayen marubuta suka buga, sun cika rumfunan Kasuwar Kurmi, daga nan su bi motocin kaya zuwa kudu. Ɗan kasuwar da ya rufe rumfarsa a Kasuwar Relief ya zauna gaban malam bayan magariba da Ahalarinsa a hannu, yana cikin tsarin nan da Malam Abdullahi ya bayyana fiye da shekara 200 da suka wuce.

Amma taskar zango ta fi kowace rauni. Ƙasar kudu tana da laima, kuma laima abokiyar gabar takarda ce. Zaman zango ma zama ne na shirin tashi. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun tarwatsa jama'a ta kowane ɓangare, kuma wanda ke gudun tsira da rai ba ya tsayawa ɗaukar adaka.

Zamanin Tattarawa

Daga shekarun 1950 aka fara yunƙurin tara wannan dukiya a ƙarƙashin rufi ɗaya. W. E. N. Kensdale ya tattara wa ɗakin karatun jami'ar Ibadan rubuce-rubucen Larabci, John Hunwick ya kafa cibiyar adana su a can a 1964, Abdullahi Smith ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sa'an nan ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Akwai kuma tarin da ke ma'ajiyar takardun ƙasa ta Kaduna, da gidan tarihi na Jos, da hukumar tarihi ta Sakkwato mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu. A 1995 Hunwick ya fitar da babban kundin da ya lissafa marubutan wannan yanki da ayyukansu, wanda shi ne karo na farko da fihirisin da ke kan mutane ya sauka a takarda da irin wannan faɗi.

Wannan aiki ya ceci abubuwa da yawa daga gara da gobara da rabon gado, domin a shari'a littafi dukiya ce da magada suke rabawa, kuma littafin da ba a ɗinke ba yana iya rabuwa gida uku idan mai shi bai yi waƙafinsa ba. Duk da haka tattarawa tana da nata haɗari. A watan Janairu na 2013 'yan bindiga suka ƙona ko suka kwashe rubuce-rubuce wajen 4,000 a cibiyar Ahmad Baba ta Tumbuktu. Mafi yawan dukiyar garin ta tsira ne saboda iyalai da ma'aikata sun riga sun ɓoye ta a akwatuna, sun yi ta fitar da ita kaɗan-kaɗan zuwa Bamako ta mota da kwalekwale. Watau a ranar tsanani tsohuwar dabarar rarrabawa da amana ce ta yi aiki.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ƙarfin taskar malaman ƙasar Hausa yana cikin yawan kwafi da yawan masu karatu. Littafin da ke hannun mutum ɗari a garuruwa ashirin gobara ɗaya ba ta iya gamawa da shi, amma wanda aka kulle ba mai kwafa ba mai karantawa ya kama hanyar ɓata ko da a ɗaki mai sanyi yake. Babbar barazanar da ke gabanmu ita ce ƙarancin masu iya karanta rubutun magabata, musamman ajami, a cikin waɗanda suka yi karatun boko.

Saboda haka akwai aiki a gaban ɗaliban sashen Hausa, musamman masu zama kusa da zangunan Fatakwal da Anacha da Inugu. A adakar limamai da tsofaffin 'yan kasuwa akan sami huɗubobi da waƙoƙi da wasiƙu da lissafin bashi da aka rubuta da ajami, waɗanda su ne tarihin zaman Hausawa a wannan yanki. Wayar da ke aljihun ɗalibi tana iya ɗaukar hoton warƙa ɗari a yini guda, aikin da a dā yakan ci wa mai kwafa makonni. Sharaɗin dai shi ne na dā: a yi sallama, a nemi izinin mai abu, a bar masa kayansa a hannunsa, a rubuta sunan littafi da na wanda ya kwafa, sa'an nan a zauna a koyi karanta shi a gaban wanda ya sani. Mai sha'awar rubuta ƙagaggen labari kuma, idan ya tashi gina wa daularsa ɗakin karatu, ga ayarin raƙuma ɗauke da takarda, ga ɗalibin da ya yi tafiyar wata biyu don littafi ɗaya, ga yarima yana tsintar warƙoƙi a cikin iska bayan yaƙi. Duk waɗannan sun faru a ƙasarsa, kuma suna jiran alƙalaminsa.